Ranar da Aka Kira Suna

Duk bayan wata shida ake kawo wa majalisa ƙudurin ci gaba da yaƙin ƙetaren kogi, kuma ba ya cin minti biyu. Kakaki ya karanta, ya ce masu amincewa su ce eh, zauren ya ɗauka baki ɗaya. Ya ce waɗanda ba su amince ba su ce a'a, a ji 'yan muryoyi daga kujerun baya. Ya buga guduma. A littafin majalisa layi ɗaya ake rubutawa: an amince da murya. Ba a sa sunan kowa.

Sau shida aka yi haka. Na bakwai ya faɗo saura mako biyar zaɓe, lokacin da babu unguwar da ba a kai mata gawar soja ba.

Da safiyar ranar, Bulaliya, wanda aikinsa shi ne ya ga 'yan jam'iyya mai mulki sun bi layi ɗaya, ya aika a kira masa Likita. Likita ya yi shekara goma sha tara yana fiɗa a asibitin bakin gada kafin ya shiga siyasa, wannan ne zuwansa majalisa na farko, kuma yana neman a mayar da shi. Ya tarar da Bulaliya ya cire takalmi ya ɗora ƙafa a kan akwatin takardu, wayoyi uku jere a gabansa.

"Likita mai wuƙa, zauna. An ce min jiya ka je ɗakin karatu ka ari littafin ƙa'idoji. Shekara huɗu ba mai taɓa littafin nan sai ɓeraye."

"Sashe na arba'in da ɗaya na duba."

"Na san abin da ka duba. Duk wanda ya miƙe kafin a buga guduma yana iya neman a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ka san yaushe rabon da a yi haka? Ina aji uku, da gajeren wando." Ya sauke ƙafarsa. "Faɗa min, kana tare da ƙudurin ko ba ka tare da shi?"

"Ina tare da shi."

"To me ya yi zafi? Zai wuce. Ka buɗe baki tare da jama'a, ka koma mazaɓarka ka ce hayaniya ta yi yawa ba ka ji abin da aka karanta ba. Haka kowa yake yi, har da 'yan adawa. In ma ba ka so, akwai ciwon ciki. Ka fi kowa sanin yadda ake rubuta takardarsa."

"Ranka ya daɗe, ka je gaisuwar ɗan yayata?"

"Na je mana. Ni na wakilci jam'iyya."

"Me ka ce mata?"

Bulaliya ya ɗauki waya ɗaya ya duba, duk da ba ta yi ƙara ba. "Abin da ake faɗa a gidan makoki na ce mata."

Wata huɗu ke nan da aka kashe ɗan Yaya a ƙetaren kogi. Yaya ita ce babba a ɗakinsu Likita, ita ta goye shi, tela ce, kuma ita ta ɗinka tutocin zaɓensa na farko ba ta karɓi ko sisi ba. Ɗan nata ɗaya ne namiji, kofur, shekara ashirin da shida. Saboda Likita, 'yan majalisa sun yi ta zuwa gidan, motoci har bakin kwalta. Bayan an watse ta kira shi ɗaki, ta ce ya rufe ƙofa.

"Auta, mutum talatin da takwas na ƙirga daga wajen aikinku. Kowa ya durƙusa ya ce min shi dai Allah ya sani, bai taɓa goyon bayan yaƙin nan ba. Har wannan mai ƙaton cikin, Bulaliyar taku, ya rantse min. To wa ya aika yaron nan? Iska ce?"

"Ni na ce eh, Yaya. Duk sau shidan."

"Kai kaɗai?"

"A'a."

"To su wa?"

Bai iya ba ta suna ko ɗaya ba, domin babu inda aka rubuta.

Ba ta tambaye shi dalili ba, ta san shi. Yana bakin aiki ranar da 'yan bindiga suka kama garin ƙetare. Kwana uku mutane na tsallako gada, shi da ma'aikata biyar suna ɗinki a ɗakin fiɗa, a baranda, daga baya har a ƙasa. Yawancin raunukan ba na harsashi ba ne. Bayan soja sun ƙwato garin, mutum wajen dubu arba'in sun koma gidajensu bisa alkawarin ba za a bar su ba. Likita ya san abin da zai same su ranar da soja suka juyo, don ya ɗinke irinsa da hannunsa. Ya kuma san ana tafiyar da yaƙin da sakaci, ya faɗa a zaure sau uku, ba jaridar da ta ɗauka.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata Kakaki ya karanta ƙudurin. 'Yan majalisa ɗari da tamanin da biyu ne suka sa hannu a rajistar zama da safe, kuma kusan dukansu suna ciki. Aka ce masu amincewa, zauren ya amsa har gilashin taga ya motsa. Aka ce waɗanda ba su amince ba, aka ji na baya. Kakaki ya ɗaga guduma. Likita ya miƙe.

"Mai girma Kakaki, a bisa sashe na arba'in da ɗaya, ina neman a kira suna."

Kakaki ya tsaya da gudumar a sama. Ya sunkuya ya tambayi akawun majalisa, akawu ya buɗe littafi ya nuna masa da yatsa. Ya sauke gudumar a hankali, bai buga ba.

Kafin akawu ya ɗauko rajista, ƙofofin gefe biyu sun fara aiki. Wani ya manna waya a kunne ya fita yana "ina jin ka, ina jin ka". Wasu suka nufi banɗaki a jere, banɗaki mai ɗaki huɗu. Shugaban 'yan adawa ya miƙe ya ce jam'iyyarsa ba za ta zauna a yi wasa da jinin 'ya'yan talakawa ba, ya ja rabin mutanensa suka fice. Shi ma bai so ƙudurin ya faɗi ba, don in ya faɗi abincin soja zai tsaya, kuma za a san wanda ya tsayar. Zaman dai bai rushe ba, tunda da rajistar safe ake ƙirga waɗanda suka halarta.

Akawu ya yi minti arba'in yana kiran suna. Yawanci kujera ce take amsa masa da shiru, ya rubuta "ba ya nan". Bulaliya da aka zo kansa ya ce eh ƙasa-ƙasa, aka ce ya maimaita. Mazaɓar Likita tana can kusa da ƙarshe. Da aka kira shi ya sake miƙewa, ko da yake ƙa'ida ba ta ce a miƙe ba.

"Eh."

Talatin da huɗu suka ce eh, ashirin da ɗaya suka ce a'a. Ƙudurin ya wuce.

Sakatare yana jiransa a mota. Shi ne ya riƙe masa yaƙin neman zaɓe tun na farko, tsohon malamin makaranta ne, abokinsa tun suna yara. Ya saurari komai a rediyon motar. Da suka wuce shingen 'yan sanda ya fara magana.

"Ka san da ka miƙe, sai da na daki sitiyari? Na ce shi ke nan, mun ci zaɓe. Mutumin da ya tona asirin masu aika 'ya'yan mutane. Minti talatin da biyar kana gwarzon ƙasar nan, Likita. Masu wanke mota sun taru a jikin tagar nan suna maka addu'a. A'a kawai za ka ce. Ko ka bi sahun masu fitsari."

"Ƙarya zan yi?"

"Ƙudurin zai wuce ko ba ƙuri'arka. Na ƙirga, kai ma ka ƙirga."

"Na sani."

"To wa ka taimaka? Mutanen ƙetare? Ba su da ƙuri'a a mazaɓarmu, kuma da murya ma an riga an ba su. Ka fasa tukunyar kowa don ka nuna taka wankakkiya ce."

Likita ya kalli titi. "Yaya ta tambaye ni su wa, ba ni da amsa."

"Yanzu ta samu," in ji Sakatare.

Washegari jaridu uku suka buga sunayen talatin da huɗun a shafin farko. Kwana biyu bayan haka aka wayi gari da takardar a jikin kowane sandan lantarki na mazaɓar, an zagaye suna ɗaya da jan alƙalami. Abokin hamayyarsa, Mai Gidan Mai, wanda yake da gidajen mai bakwai da tankoki goma sha biyu, ya sauke tsofaffin allunansa ya kafa sababbi: hotonsa, da kalma uku, "Su Dawo Gida". Uku daga cikin tankokinsa suna kai wa soja mai a bakin gada duk mako. Kowa ya sani, ba wanda ya ga abin magana a ciki.

Jam'iyya ba ta kore shi ba. Motocin kamfe biyu da ta ba shi aka ce suna gareji. Manyan da aka shirya za su zo taronsa kowa ya samu uzuri. Bulaliya ya daina ɗaukar wayarsa duka ukun. A ofishin mazaɓa, mai ɗaki biyu a saman shagon magani, kujerun roba suka koma jingine a bango, ɗaya cikin ɗaya.

Saura kwana tara zaɓe, ƙungiyar matan soja da iyayensu ta gayyaci 'yan takara ɗakin taron wata makaranta. Mai Gidan Mai ya zo da safe, ya yi kuka, aka ba shi hankici. Likita aka ba shi ƙarfe huɗu. A hanya Sakatare ya miƙa masa takarda mai layi uku.

"Na rubuta maka yadda ba ƙarya a ciki. Ka ce ka ji kukan jama'a, kuma in an mayar da kai za ka sake duba matsayinka. Sake dubawa kawai. Ko ni kullum ina sake duba aurena, ga mu shekara ashirin da biyu."

Likita ya karanta, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Ɗakin ya cika, mata a kan bencin ɗalibai, gwiwoyinsu na taɓa tebur, wasu da hotuna a cinya. Ba a yi masa ihu ba. Ya yi bayani minti goma: gadar, kwana ukun, mutum dubu arba'in. Ya ce takalman soja ba sa isa, albashinsu na makara, kuma ya sha faɗa. Suka saurara kamar masu jiran a kira su a layin asibiti.

Wata matashiya da jariri a kafaɗa ta miƙe. "Likita, a hannunka aka haife ni, mahaifiyata ta faɗa min. Mijina yana can wata goma sha huɗu. Kana da ɗa namiji?"

"Ina da shi."

"Yana ina?"

"Yana jami'a."

"Me yake karanta?"

"Harhaɗa magunguna."

"Allah ya ba shi sa'a," ta ce, ta zauna.

Shugabar ƙungiyar, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta taɓa aiki a ƙarƙashinsa, ta gyara tabarau. "Tambaya ɗaya ta rage, ita muka yi wa na safe. In mun mayar da kai, bayan wata shida aka sake kawo takardar nan, me za ka ce?"

Sakatare yana tsaye a bakin ƙofa, ya taɓa aljihun rigarsa da yatsa biyu.

"In abubuwa suna yadda suke yau, eh zan ce," in ji Likita. "Kuma zan sake neman a kira suna."

"Na safe ya ce ko da wuƙa a wuyansa ba zai ce eh ba."

"Ba za a sa masa wuƙa ba, Sista. Ba za a ma tambaye shi ba."

"Wataƙila. Amma shi ya ce mana za su dawo. Kai me ka kawo mana?"

"Ba ni da ranar da zan ba ku."

"To mun gode da zuwa."

Suka tashi benci-benci, ba turereniya, suka bar shi da Sakatare da allon da aka manta ba a goge lissafin 'yan aji biyar ba.

Ya sha kaye a akwati casa'in da ɗaya cikin casa'in da shida. Cikin biyar ɗin da ya ci, uku na rukunin gidajen ma'aikatan asibiti ne. Daga cikin talatin da huɗun da suka ce eh, tara ne suka koma majalisa, Bulaliya na cikinsu, don mazaɓarsa tana nesa da kogi. Waɗanda suka shiga banɗaki kuwa, kusan duka sun koma. Wata jarida ta ba Likita layi huɗu a shafi na goma sha ɗaya, ta kira shi mutum mai taurin kai. Rundunar soja ba ta aiko da ko gaisuwa ba. Sakatare ya taya shi kwashe kaya daga ofis, ya mayar wa mai shagon magani mabuɗi, bayan wata ɗaya ya karɓi aiki a ofishin Mai Gidan Mai. Ya zo da kansa ya faɗa masa.

"Ina da 'ya'ya shida, Likita."

"Ban ce komai ba."

"Shi ne abin da ya fi ba ni haushi da kai."

Likita ya koma asibitin bakin gada, aka ba shi fiɗa ranar Litinin da Alhamis. Hannunsa ya ɗan yi nauyi da farko, daga baya ya saki. Ana ci gaba da kawo soja daga ƙetare, biyu, uku, wani makon goma.

Wata Laraba da hantsi, shekara guda bayan kiran sunan, ya je shagon Yaya da riga a leda, aljihunta ya yage. Rabonsa da shagon tun kafin zaɓe. Ɗaki ɗaya ne a layin teloli, keke biyu, teburin yanka, dutsen guga, rediyo a kan taga. Ta amsa sallamarsa ba ta ɗago ba, ta nuna masa benci da haɓa. A bango, saitin kanta, an kafe shafin jarida da allura huɗu, ya fara yin ja. Sunaye talatin da huɗu. Ba ta zagaye kowanne ba.

"Ka rame," ta ce.

"Tsayuwa ce. Na saba da zama."

Ta karɓi rigar, ta juya aljihun, ta yi tsaki. "Wannan ba ya ɗinkuwa, sai an sa sabo." Ta jawo buhu daga ƙarƙashin tebur, ta zaro ƙyalle. Ragowar yadin zaɓensa na farko ne, mai hotonsa. Da shi take yin cikin aljihu, don yadin yana da ƙarfi. Ta shimfiɗa, ta sa almakashi, ta yanke daga kunne zuwa haɓa.

A rediyo ana watsa zaman majalisa. Shi ya san ranar ce, bai san ko ita ta sani ba, sai da ta miƙa hannu ta ƙara murya. Sabon Kakaki ya karanta ƙudurin ci gaba da yaƙin ƙetaren kogi. Ya ce masu amincewa su ce eh. Ƙaramar rediyon ta yi ƙara har ta shaƙe. Ya ce waɗanda ba su amince ba. Aka ji 'yan muryoyi. Yaya ta tsaya da almakashi a hannu, tana jiran ko wani zai miƙe. Guduma ta sauka.

"Namu yana ciki?" ta ce. "Mai man?"

"Ya sa hannu da safe, na ji an faɗa."

"Me ya ce?"

"Ba a rubutawa, Yaya."

Ta kashe rediyon. Ta sa ƙyallen a ƙarƙashin allura, ta daidaita.

"Shi na zaɓa."

"Na sani. Akwatin layinku ƙuri'a huɗu na samu."

"Kuma gobe aka sake, shi zan sake zaɓa. Kada ka ɗauka zuwa ka yi in ce ka yi daidai."

"Aljihu na kawo."

"Makon jiya an kawo ɗan mai gyaran agogo, na can ƙarshen layi. Uwar ta zo nan ta tsaya tana karanta takardar nan, ta ce in nuna mata wanda ya aika nata. Na ce mata wannan ta wancan zuwan ce, nata ba shi da takarda." Ta ɗaga kai ta dube shi, karo na farko tun shigowarsa. "Ni dai ina da wanda zan riƙe. Talatin da ukun baƙi ne a wurina. Kai na sani, Auta. Kai na goya."

Ta taka keken. Ɗinkin bai ɗauki minti uku ba. Ta ciji zaren, ta mayar da aljihun ciki, rabin fuskar ya shige, ta kakkaɓe rigar ta miƙa masa.

"Nawa ne?"

"Ɗauki ka tafi. Ina da aiki."

Ya sa rigar a leda. Gobe Alhamis, yana da fiɗa huɗu, uku daga ƙetare.